UConn a kakar 2022 zuwa 2023: yadda aikin ke tafiya

1 ga Nuwamba, 2022

Saura kwana shida ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Connecticut, wadda aka fi sani da UConn, ta buɗe kaka. Wannan ce shekara ta biyar da koci Dan Hurley ke riƙe da ita, kuma har yanzu bai ci wasa ko ɗaya da ita a gasar ƙasa ta NCAA ba. Maryland ta kore su a zagayen farko a 2021, New Mexico State ta maimaita musu a 2022 da ci 70-63. Masu horarwa na rukunin Big East sun sa UConn ta huɗu a hasashensu, jerin manyan ƙungiyoyi 25 na ƙasa da kamfanin labarai na AP ke fitarwa kuwa babu sunanta.

Matsalar bara ita ce cunkoso. Adama Sanogo, ɗan Bamako mai ƙafa 6 da inci 9, ya fi kowa iya cin ƙwallo a ƙarƙashin kwando a rukunin, amma sau da yawa yana wasa ne tare da wani dogon da ba majefin nesa ba. Mai gadin wancan dogon sai ya bar shi ya zo su taru a kan Sanogo. Saboda haka aka gina tawagar bana a kan tsari ɗaya: mutum ɗaya a ciki, huɗu a wajen layin maki uku. An ɗauko mutum huɗu da suka sauya sheƙa: Tristen Newton daga East Carolina don ya riƙe ragamar rarraba ƙwallo, Joey Calcaterra daga San Diego da Nahiem Alleyne daga Virginia Tech don jifan nesa, sai Hassan Diarra daga Texas A&M don matsa wa mai ƙwallo lamba. Sababbin shiga biyu ne abin lura, Alex Karaban da Donovan Clingan mai ƙafa 7 da inci 2. Jordan Hawkins da Andre Jackson suna nan daga bara.

Wanda ya saba kallon NBA ya riƙe bambanci uku. A wasan jami'a rabi biyu ake yi, kowanne minti 20, agogon jifa daƙiƙa 30 ne, kuma ƙeta biyar ke fitar da ɗan wasa, ba shida ba. Na ukun ya fi shafar dogaye. Dogon da ya yi ƙeta biyu da wuri yakan ƙarasa rabin farko a benci, don haka ƙungiyar da ba ta da dogo na biyu mai kyau tana cikin haɗari kowane dare.

Jackson ya karye a ƙaramin yatsa wajen atisaye, an yi masa aiki, ba zai fara kakar ba.

20 ga Nuwamba

Wasa biyar, nasara biyar, duka a gida kuma da ƙananan ƙungiyoyi, don haka yawan makin ba ya nuna komai. Abin da ya faru da tawagar ne ya fi muhimmanci. Hawkins ya bugu a kai a wasan farko da Stonehill, ya rasa wasa biyu. Samson Johnson, ɗan Togo, wanda aka fara da shi a matsayi na huɗu, wato abokin Sanogo a gaba, ya ji ciwo a ƙafa, sai Karaban ya shiga gurbinsa. Wannan sauyi na dole ya fi dacewa da tsarin, domin Karaban majefi ne, mai gadinsa ba zai iya barinsa ya tafi taimako ciki ba. Newton ya kai goma ko fiye a abu uku a wasan Buffalo: maki, bayarwar da aka ci, da cafke ƙwallon da ta dawo daga bakin kwando.

28 ga Nuwamba

Gwaji na gaske ya zo a Portland, gasar Phil Knight, wasa uku cikin kwana huɗu. Oregon 83-59, Alabama 82-67, Iowa State 71-53.

Kowanne ta wata hanya aka ci shi, kuma wannan ne abin farin ciki. Oregon ta tare ciki, aka yi mata ruwan jifan maki uku. Da Alabama, Sanogo ya ci 25. Da Iowa State, ƙungiyar da ke matsa wa mai ƙwallo har sai ya zubar, Sanogo bai samu sakewa ba, sai Clingan ya fito daga benci ya ci 15 ya cafke 10, aka ba shi kyautar gwarzon gasar. Amfanin Clingan ya wuce makinsa. Idan yana fili, masu gadin waje suna iya manne wa mutanensu ba tare da tsoron a wuce su ba, domin wanda ya wuce zai tarar da shi a bakin kwando. Ba a haɗa su biyun a fili, ɗaya ke fita ɗaya ya shiga, abokin hamayya ba ya samun minti ɗaya na hutu a ciki.

AP ta ɗaga su zuwa na takwas.

29 ga Disamba

Nasara 14 babu rashi, suna na biyu a ƙasa. An je Florida an ci 75-54, an je Butler an ci 68-46. Amma wasa biyu na ƙarshe, Georgetown 84-73 da Villanova 74-66, sun fi na baya wuya, kuma ba don gajiya ba ne. A Big East ƙungiya 11 ce, kowa na haɗuwa da kowa sau biyu, gida da waje, wasa 20. Masu horarwa suna da bidiyon wasa goma sha huɗu a hannu da lokacin zama a kansu. Za su nemi wurin da ya fi rauni a cikin biyar ɗin da ake farawa da su.

5 ga Janairu, 2023

Sun same shi. Xavier ta ci 83-73 ranar 31 ga Disamba a Cincinnati, Providence ta ci 73-61 jiya.

Ga abin da koci Sean Miller na Xavier ya yi. Ya ce wa mai gadin Andre Jackson ya bar shi, ya ja baya taku uku ko huɗu ya tsaya a bakin akwatin ƙarƙashin kwando. Jackson shi ne wanda ya fi kowa gudu, tsalle da hangen bayarwa a ƙungiyar, amma jifansa na nesa ba abin dogaro ba ne. Da zarar an bar shi, abu uku ke lalacewa lokaci guda. Hanyar miƙa wa Sanogo ƙwallo ta toshe, domin akwai mutum a gabansa da wani a bayansa, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Hawkins, wanda rayuwarsa a fili ita ce zagaye shingen da abokai ke kafa masa da jikinsu ya fito ya karɓa ya jefa, yana fitowa ya tarar da mai gadi na biyu na jiransa. Na uku, Jackson da kansa yana ganin fili a buɗe sai ya jefa, wanda shi ne ainihin abin da ake so ya yi. A wasan Xavier ya jefa na maki uku fiye da goma. Ko da wasu sun shiga, Xavier ta yarda da wannan ciniki.

Akwai kuma batun ƙeta. A wasannin biyu abokan hamayya sun tsaya a layin jifan kyauta fiye da UConn nesa ba kusa ba. Gadin UConn na hannu da ƙirji ne, kuma a dokar jami'a ƙeta ta bakwai a rabi guda tana kai abokin hamayya layi, ta goma kuma tana ba shi jifa biyu kai tsaye. Hurley ya samu laifin rashin ɗa'a a ƙarshen wasan Xavier lokacin da tazarar ba ta da yawa. Wannan maki ne da aka bayar kyauta a wasan da ake iya ci.

19 ga Janairu

An ci Creighton 69-60 a gida, Sanogo ya ci 26. Daga nan rashi uku a jere: Marquette 82-76, St. John's 85-74 a Hartford, Seton Hall 67-66.

Na St. John's ne mafi muni, domin a gida aka yi shi, Hawkins ya ci 31, amma asarar ƙwallo ta cinye komai. St. John's ƙungiya ce mai gudu, duk ƙwallon da aka zubar a tsakiyar fili maki biyu ne a ɗaya ɓangaren kafin masu gadi su juyo. Na Seton Hall ya fi ciwo. Hurley bai je ba saboda korona, UConn ta yi gaba da maki 17, sannan ta bari aka cim mata, KC Ndefo na Seton Hall ya cafke wadda ta dawo ya mayar saura ƙasa da daƙiƙa biyu.

Ana ta cewa ƙungiyar ba ta da mai rarraba ƙwallo na gaske. Akwai gaskiya a ciki: Newton a East Carolina ya saba da neman maki, kuma a nan sau da yawa yana miƙa ƙwallo da wuri ya koma gefe ya tsaya. Idan wasa ya matse a minti biyar na ƙarshe, ana bukatar wanda zai kutsa ciki da kansa ya jawo ƙeta. Babu mai yin haka a kai a kai yanzu. Amma zargin Newton shi kaɗai kuskure ne, domin ba shi da inda zai kutsa muddin mai gadin Jackson na zaune a hanya.

Haske ɗaya: Clingan ya ci 20 a Marquette. Wasu na kira a haɗa shi da Sanogo a fili. Bai kamata ba. Zai mayar da ƙungiyar cikin cunkoson bara.

26 ga Janairu

Xavier ta sake ci, 82-79, wannan karon a Gampel, filin gidan UConn, da dabarar nan dai. Rashi shida ke nan cikin wasa takwas, daga 14-0 zuwa 16-6. Rabin farko ya lalace, amma rabi na biyu shi ne mafi kyau da suka buga tun Disamba: Newton ya riƙa kai hari da kansa, Hawkins ya ci 28, tazarar ta narke har wasan ya koma na jifa ɗaya.

8 ga Fabrairu

AP ta sauke su zuwa na 24 a ƙarshen Janairu. Tun daga nan an ci DePaul 90-76, Georgetown 68-62, jiya kuma Marquette, mai jan ragamar rukunin, 87-72. Newton ya sake kai goma a abu uku.

Gyaran ya fito fili yanzu, kuma ba a cire Jackson ba, wurin tsayuwarsa aka sauya. Maimakon ya tsaya a wajen layin maki uku inda ba a gadinsa, an mayar da shi layin ƙarshe, gefen kwando, bayan masu gadi. Mai gadin da ya juya masa baya a can yana cikin matsala, domin bayarwa ɗaya ta sama ta isa Jackson ya dankara ƙwallo a kwando. Hanya ta biyu ita ce sa shi ya zama mai kafa shinge. Tunda mai gadinsa ya ja baya, idan Jackson ya tare mai bin Hawkins, babu wanda zai fito ya karɓi Hawkins, jifa a buɗe ke nan ga majefin da ya fi kowa a ƙungiyar. Haka ma idan ya riƙe ƙwallo ya miƙa wa Hawkins hannu da hannu yana wucewa. Ja da bayan da ya zama makamin abokan hamayya ya koma abin da ake hukunta su da shi. Ta uku, idan Jackson ya cafke ƙwallo a bayansu ba ya neman Newton, gudu yake yi da ita kafin masu gadi su jeru.

Wannan tsari na bukatar haƙuri. Harin UConn yakan ci daƙiƙa 15 zuwa 20 ana zagaye, shinge bayan shinge, kafin a samu jifan da ake nema, kuma ɗan wasa ɗaya da ya tsaya a wurin da ba nasa ba ya ɓata duka. Hurley ma ya rage faɗa da alƙalan wasa.

5 ga Maris

An sha kashi a Creighton 56-53, inda jifan Hawkins na ƙarshe da ake zaton ya kawo kunnen doki ya zama na maki biyu saboda ƙafarsa na kan layi. Bayan haka nasara biyar a jere, ta ƙarshe a gidan Villanova 71-59. An rufe da 24-7, a rukuni 13-7. Cafke ƙwallon da su da kansu suka jefa ba ta shiga ba yana cikin mafi kyau a ƙasar, wannan ke ba su jifa na biyu ko a daren da hannu bai yi zafi ba.

12 ga Maris

Gasar Big East a Madison Square Garden: an ci Providence 73-66 bayan an kusa zubar da babbar tazara, Marquette ta fitar da su 70-68 a wasan kusa da na ƙarshe. Kwamitin NCAA ya ba su lamba ta huɗu a shiyyar yamma cikin ƙungiyoyi 68. Lambar ta yi musu ƙasa. Rashi takwas ɗin duka daga 'yan rukuninsu ne, waɗanda suka san su ciki da bai. A gasar ƙasa abokin hamayya na da kwana huɗu ko biyar na shiri a wasan farko na mako, kwana ɗaya tak a na biyu, kuma wannan bai isa a haddace zagaye-zagayen UConn ba.

20 ga Maris

Albany, zagaye biyu na farko na gasar ƙasa. Iona ta koci Rick Pitino na gaba 39-37 a hutun rabin lokaci, sannan UConn ta ci rabi na biyu 50-24, aka tashi 87-63. Sanogo ya ci 28 ya cafke 13. Nasarar farko ke nan ta Hurley a gasar tun zuwansa. Saint Mary's, mai jan wasa a hankali, ta riƙe su, UConn na gaba 31-30 kacal a hutu, ta faɗi 70-55, Sanogo ya ci 24. A wasannin biyu Hawkins bai ci komai a rabin farko ba, makinsa duka bayan hutu suka zo. Bin mutum ta cikin shinge minti 20 abu ne mai yiwuwa, minti 40 kuwa ƙafa ke gazawa, musamman tunda Calcaterra da Alleyne na shigowa daga benci su ci gaba da irin wannan gudu.

26 ga Maris

Azumi ya kama ranar Alhamis 23 ga wata, ranar wasan Arkansas a Las Vegas. Sanogo, Diarra da Johnson suna azumi. Lokacin wasa ne ke yanke wahalar, talabijin kuma ke yanke lokacin wasa. Na Arkansas an fara shi ƙarfe 4:15 na yamma agogon garin, rana kuwa ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe bakwai. Na Gonzaga an fara 5:49, magariba ta riske shi ana tsakiyar wasa. Ga dogon da ke kokawa da wani ƙato a kowane hari, rashin ruwa ya fi rashin abinci nauyi, kuma a nan samun Clingan ya ƙara daraja, domin ana iya hutar da Sanogo ba tare da an yi asara ba.

Arkansas, wadda ta kori Kansas mai lamba ɗaya, ta sha kashi 88-65. Hawkins 24, Sanogo 18. Gonzaga kuwa, ƙungiyar da ta fi kowa cin maki a ƙasar bana, an tsayar da ita a 54, UConn na da 82. Gonzaga ta gwada dabarar Janairu, ta bar Jackson ta taru a kan Sanogo. Sanogo ya riƙa ɗaga kai yana samun Jackson na sulalowa ta layin ƙarshe, ya bayar shida aka ci, Jackson ya bayar goma. Drew Timme, babban dogon Gonzaga, ya yi ƙeta ta huɗu a farkon rabi na biyu ya koma benci, kuma Gonzaga ba ta da wanda zai maye gurbinsa. Biyu kacal ta ci cikin jifa 20 na maki uku.

2 ga Afrilu

Houston, filin NRG, wasan kusa da na ƙarshe. An fara wasan Miami ƙarfe 7:49 na dare, mintuna kaɗan bayan faɗuwar rana, don haka buɗa bakin Sanogo na gaggawa ne: lemu da ruwan kwakwa, abin da ciki zai ɗauka a yi gudu da shi. Ya buɗe wasan da jifa biyu na maki uku. A shekarunsa biyu na farko bai ci irin wannan ko ɗaya ba, aikin bazara ne. Dogon Miami, Norchad Omier, ƙafa 6 da inci 7 ne, idan ya fito waje ciki ya zama fanko, idan ya zauna ciki a jefa a kansa. Sanogo ya gama da 21 da cafka 10, aka ci 72-59. Hawkins ya buga duk da ciwon ciki, ya ci 13.

4 ga Afrilu

Wasan ƙarshe: UConn 76, San Diego State 59. Kofi na biyar, bayan 1999, 2004, 2011 da 2014.

San Diego State ƙungiyar gadi ce, amma gadin UConn ne ya yanke wasan. A rabin farko ta yi sama da minti 11 ba ta jefa ƙwallo ta shiga ba sai a layin kyauta, aka tafi hutu 36-24. Ta dawo da matsi a rabi na biyu har tazarar ta sauko 60-55, saura kimanin minti biyar. A Janairu a nan ƙungiyar ke rikicewa. Jiya an kira zagayen da aka saba, Hawkins ya fito daga shinge ya jefa na uku ya shiga, tazarar ba ta sake matsewa ba. Newton, wanda aka fi zargi a Janairu, ya ci 19 ya cafke 10. Sanogo 17 da 10, shi aka zaɓa gwarzon zagayen ƙarshe. Tazarar wasanni shida: 24, 15, 23, 28, 13, 17. An rufe kaka da 31-8, kuma wasa 17 da aka yi da waɗanda ba 'yan Big East ba duka an ci su da maki goma ko fiye.

23 ga Yuni

Aiki ya koma farko. New Orleans ta ɗauki Hawkins na 14 a zaɓen NBA na jiya, an ɗauki Jackson na 36 zai tafi Milwaukee, Sanogo ba a kira sunansa ba amma Chicago za ta ba shi kwantiragi. Calcaterra ya gama, Alleyne ya koma St. John's.

Newton, Karaban, Clingan, Diarra da Johnson suna nan. An kawo Cam Spencer daga Rutgers don gurbin jifan Hawkins, Stephon Castle kuma shi ne babba cikin sababbin shiga. Tambaya mafi girma tana kan Clingan. Bana kimanin minti 13 yake bugawa a wasa, yawanci da dogayen benci, badi za a nemi ninkin haka daga gare shi ba tare da ya cika ƙeta ba. Kuma ba ya cin ƙwallo da baya ga kwando kamar Sanogo, ya fi ƙarfi idan ya kafa shinge ya gangara ciki a ɗaga masa, don haka dole a sake rubuta yawancin zagayen da aka gina a kan Sanogo kafin atisayen Oktoba.